Takaful ɗin kayan aikin mai ɗaukar hoton biki: sun biya, amma ko rabi bai kai ba

Tun farkon 2023 kayan aikina suke ƙarƙashin takaful (inshora irin ta Musulunci) na wani kamfani: kyamara biyu, lens (gilashin gaban kyamara) uku, laftof da fitilu, a tsarin da ke ɗaukar faɗuwa, gobara da sata. Shigar ba ta da wuya. Ka jera kayan ɗaya bayan ɗaya da lambar siriyal, ka haɗa rasit da hoton kowanne, ka biya gudunmawar shekara. Kada wakili ya ce ka tafi da takarda ka biya daga baya, domin a dokar inshora ta Najeriya in kuɗi bai shiga ba, babu kariya.

Inda gizo ke saƙa shi ne adadin da ka rubuta a matsayin darajar kaya. An rubuta nawa naira miliyan 2, daidai da farashin lokacin, dala tana wajen 750 a kasuwar canji. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, kuma kyamara da lens farashinsu dala yake bi. Lokacin sabuntawa kamfani ya turo saƙo da tsohon adadi, babu ko layi ɗaya da ya ce a sake duba daraja. Da lens ɗaya ya faɗo daga kan tsayuwar kyamara a wajen kamu, zoben da ke riƙe shi ya tsage, injin fokas ya daina motsi, mai gyara ya yanke naira 600,000. Mai tantance asara ya ƙiyasta kayan gaba ɗaya a miliyan 4. Sai aka buɗe wani sharaɗi a can cikin takardar: tunda rabin darajar kawai aka yi wa kariya, rabin asarar za a biya. Wato 300,000. Daga nan aka cire kashi 10 cikin 100, kason da mai kaya ke ɗauka da kansa a kowace asara. Abin da ya shigo asusu 270,000 ne.

Lissafin daidai yake da yarjejeniya, ban musa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne sun san da sharaɗin, sun ga yadda naira ta faɗi, suka karɓi kuɗin sabuntawa suka ja bakinsu.

A gaskiya dai, ta fuskar biya ba su ja ni a ƙasa ba. Na sanar da su a rubuce washegari, na tura hoton lens ɗin da takardar ƙiyasin mai gyara, kuɗi ya shigo cikin 'yan makonni. Sanarwar nan a gaggauta ta, takardar tana da wa'adi, wanda ya makara ya ba su hujja. Kuma kada a gyara kayan kafin a zo a gani. In sata ce, ba za su saurare ka ba sai da rahoton 'yan sanda. Ga kuma kwanciyar hankali ga mai gudun riba: gudunmawar tana shiga asusun taimakon juna a matsayin tabarru'i, wato kyauta, kamfani na ɗaukar ladan wakilci, in an samu rara a ƙarshen shekara ana raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Saboda wannan kaɗai zan iya cewa a shiga.

Sai dai da na koma na karanta shafin abubuwan da ba sa ɗauka, raina ya sake ɓaci. Kayan da aka sace a mota ba sa biya sai suna kulle a but ɗin motar kuma akwai alamar fasawa, alhali rabin rayuwar mai hoto jaka ce a kujerar baya. Laftof ɗin da wutar NEPA ko janareto ta ƙona daga ciki ba ya ciki. Kariyar ta tsaya a iyakar Najeriya, don haka wanda aka kira biki Maraɗi ko Damagaram sai ya nemi a ƙara masa a rubuce kafin ya tashi. Hotunan amarya da suka ɓace a memori, da ayyukan da suka wuce ka kana jiran gyara, duk a wuyanka suke, kuma mai aikin kansa ba shi da albashin da zai jingina da shi a wannan tsakanin.

Na sabunta, amma yanzu kafin kowace sabuntawa ina karɓar sabon farashin kowane kaya daga wajen dila, in rubuta adadin a kansa, kuɗin shekara ya ƙaru daidai gwargwado. Na nemi su rubuta mini cewa za su biya kuɗin sabo ba tare da cire tsufar kaya ba. Har yau ba su ba ni amsa a takarda ba, in wannan zagayen ma suka yi shiru, NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, zan kai ƙorafi.