Shagon nazarin alƙaluma da ba a murɗa sakamako a cikinsa

Duk ɗalibin da ya kai babi na huɗu na kundin bincikensa ya san layin shagunan nan na bakin jami'a a Samaru, inda ake buga takardu, a yi fotokwafi, a kuma yi wa mutum nazarin alƙaluma. Yawancinsu aikinsu ɗaya ne: ka miƙa filashi, ka biya, gobe ka zo ka karɓi teburori. Akwai guda ɗaya da ya fita daban, kuma can na kai aikina na digiri na biyu a fannin noma, inda nake gwada amfanin masarar da aka sa wa kashin kaji da wadda aka sa wa takin NPK.

Mai shagon bai karɓi filashina ba sai da ya zaunar da ni. Ya ce, "Malama, kafin mu buɗe komai, me kike son gwadawa?" Ya sa na rubuta hasashe biyu da hannuna. Na farko, wanda ake rubutawa H0, yana cewa babu bambanci tsakanin takin biyu. Na biyu yana cewa akwai. Ya ce lamarin kamar na kotu ne: H0 shi ne wanda ake tuhuma, ba a yanke masa hukunci sai hujja ta yi ƙarfi, kuma sakinsa ba ya nufin an tabbatar bai aikata ba. Mun kuma tsayar da iyakar 0.05 tun kafin mu ga sakamako, wato ba za a yi watsi da H0 ba sai lambar da ake kira ƙimar p ta faɗi ƙasa da ita.

Da yake rukuni biyu ne kuma filayena ba su da yawa, gwajin t ya zaɓa, wanda ke kwatanta matsakaicin awon rukunin biyu. Ya ce William Gosset ne ya fito da shi a 1908, yana aiki a kamfanin Guinness a Dublin, don irin wannan matsala ta ƙarancin samfuri. Ita kuma 0.05 Ronald Fisher ne ya yaɗa ta tun 1925, lokacin yana tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, ashe a kan gonakin gwaji irin nawa aka gina rabin wannan ilimi.

Inda ya fi burge ni shi ne bayanin ƙimar p. Mun sha jin ana cewa wai ita ce yiwuwar hasashenka ya zama gaskiya. Ba haka ba ne. Ma'anarta ita ce: in da a ce takin biyu daidai suke, mene ne yiwuwar a samu tazara kamar wadda na samu, ko wadda ta fi ta, ta hanyar dace kawai? Ya maimaita mini har ta zauna, ya sa na faɗa da bakina.

Tawa ta fito sama da 0.05 kaɗan, duk da cewa masarar kashin kajin ta ɗan fi nauyi a sikeli. Raina bai so ba, don damina guda na yi a gonar. Ana nan sai wani ɗalibi da ke jiran layi ya ce ai a cire fili ɗaya ko biyu, lambar za ta sauko. Mai shagon ya ce, "Ɗan'uwa, ba a shagon nan ba." Ya nuna mini yadda zan rubuta cewa hujjar ba ta isa a yi watsi da H0 ba, in kawo girman tazarar da iyakokinta, in kuma ambaci cewa filaye kaɗan kan sa a kasa gano bambancin da yake akwai. Kuskure iri biyu ne, in ji shi: ka ce akwai bambanci alhali babu, ko ka ce babu alhali akwai. A fanninmu na farkon yana nufin manomi ya canza taki a kan maganar da ba ta da tushe, kuma guminsa ne zai tafi. Ko ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta yi gargaɗi a 2016 cewa kada a rataya hukunci a kan p ita kaɗai.

Yana aiki da manhajar nazarin alƙaluma ta SPSS, amma ya sa mini jamovi a kwamfutata, manhaja ce ta kyauta, na sake gwajin a gida na samu abu ɗaya. Ranar kare aikin, duk tambayar da aka yi mini a kan teburin da kaina na amsa.

Shagon yana da nasa matsalolin. Ɗan ƙarami ne, ga zafi, in an ɗauke wuta sai an jira a tayar da janareta. Kuɗinsa ya ɗara na maƙwabtansa, kuma da yake mutum ɗaya ne yana zama da kowa, layi ba ya sauri ko kaɗan a ƙarshen zango. Wanda ke son teburi gobe da safe zai ji haushi. In za ka je, je tun kafin ka shuka, don ya taimaka wajen tsayar da yawan filaye, kuma ka riƙa rubuta awon kowane fili daban, kada ka kawo masa jimla.