Masu shirin zuwa Japan, ga yadda abin yake

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kuna ta tambayata nawa mutum zai tanada in zai zo yawon buɗe ido, to gaskiya kallo ba shi ke cin kuɗi ba, kuɗin jirgi ne da ciki. A Kyoto akwai Fushimi Inari, wurin bautarsu ne da aka jera dubban jajayen ƙofofi har saman dutse, shiga kyauta, dare da rana a buɗe. Kinkaku-ji kuwa, ginin nan da aka lulluɓe da zinare, yen 500 kacal a kuɗinsu. Amma jirgin ƙasa mai shegen gudu, Shinkansen, daga Tokyo zuwa Kyoto kusan yen 14,000 zuwa kaɗai, awa biyu da 'yan mintuna ka sauka, kuma in an rubuta 9:03 to 9:03 ɗin ne, babu zancen "saura mutum ɗaya" kamar a tasharmu.

Wajen kula da kwastoma kam sai dai mu sara musu. Kana zama a gidan abinci za a kawo maka ɗan jiƙaƙƙen tawul na goge hannu da ruwan sha, ba sisi, wasu wuraren ma abincin roba suke jerawa a gilashi da farashi, ka nuna da yatsa kawai tunda ba jin yaren kake ba. Ba a tayi, ba a ragi, kuma kar ka kuskura ka bar musu canji wai na goro, yaron shago zai iya biyo ka da gudu ya miƙo maka abinka da hannu biyu.

Inda gizo ke saƙar shi ne halal. Taliyarsu ramen da ake ta zuzutawa galibi romon ƙashin alade ne, in ma ba alade to akwai mirin, wata giyar shinkafa ce mai zaƙi da suke zubawa a girki, har kifi ba ya tsira. Dole ka tambaya, su kuma ba sa ɓoyewa, mai girkin zai fito ya sunkuya ya ba ka haƙuri. Ni dai na fi sakewa da sushi, dunƙulen shinkafa da kifi, irin wanda farantai ke zagayawa a gabanka, duk da ɗanyen kifi sai da na jima kafin makogwaro ya yarda, kuma ko nan akwai masu tambaya kan ruwan tsamin shinkafar. Abincin kuma ɗan mitsitsi, Bahaushe zai tashi bai ƙoshi ba.

Nama da kayan yaji ku nufi Shin-Okubo a Tokyo, akwai shagunan halal. Juma'a kuma Tokyo Camii, masallacin Turkawa da ke kusa da tashar Yoyogi-Uehara. Ku zo da yajinku, da 'yar leda a jaka don kwandon shara wuyar gani yake a titi, sannan safa mai kyau marar huji, don wurare da yawa sai an cire takalmi.