Zuwa Venis karon farko: ina za ka kwana, wane jirgi za ka hau, me ya cancanci kuɗinka

Mota ba ta shiga Venis, kuma daga nan ya kamata lissafin mai niyyar zuwa ya fara. Titin da ya taso daga gaɓar Italiya yana bi ta kan wata doguwar gada mai kusan kilomita 4, wadda aka buɗe a 1933, ya zo ya tsaya cak a filin Piazzale Roma. Jirgin ƙasa ma ƙarshen layinsa tashar Santa Lucia. Daga nan kuma sai dai ƙafa ko ruwa. Ba tasi mai taya, ba babur, keke ma an hana. Masu ɗaukar marasa lafiya, 'yan kwana-kwana, masu kwashe shara, duk a jirgin ruwa suke aiki. Garin yana zaune ne a kan ƙananan tsibirai kusan 118 a cikin wani tafki mai haɗe da tekun Adriatic, gadoji sama da 400 suka ɗinke su, kuma yawancin gadojin nan matakala ne: ka hau, ka sauka, ka yi taku kaɗan, ka sake hawa. Wanda ya zo da manyan akwatuna biyu irin na mai dawowa daga sari, tun kafin ya ga ƙofar masaukinsa zai gane kurensa.

Shi ya sa zaɓin masauki ya fi kowane zaɓi nauyi a wannan tafiya. Shi ke yanke nawa za ka kashe a sufuri, me za ka ci, da kuma wane irin Venis za ka gani.

Zaɓi na farko shi ne kwana a cikin tsohon garin. Ya fi tsada, ɗakunan ƙanana ne, gine-ginen tsofaffi, da yawa ba su da na'urar hawa bene. Kafin ka biya, kada hoton ɗaki ya ɗauke maka hankali. Tambayi masu otal abu biyu: wace tashar jirgin ruwa ce ta fi kusa da su, kuma gada nawa ke tsakani. Otal mai sauƙin kuɗi da ke bayan gadoji shida ba shi da arha ga mai ciwon gwiwa. Garin ya kasu unguwanni shida. San Marco ita ce cibiyar cunkoso da tsada, ban ga dalilin da baƙo zai kwana a can ba sai in kuɗi sun yi masa yawa. Cannaregio da Santa Croce suna kusa da tashar jirgin ƙasa, jan kaya ba zai yi nisa ba, kuma a Cannaregio har yanzu akwai 'yan gari da shagunan cefane na yau da kullum. Dorsoduro tana da natsuwa, ga ɗalibai da gidajen tarihi. Castello kuwa, da zarar ka nausa gabas sai ka ga shanya a kan igiya tsakanin gidaje, alamar mutane na zaune a wurin da gaske. Wannan abin lura ne, don mazauna tsohon garin sun kai kusan 175,000 a 1951, amma a 2022 sun gaza 50,000.

Abin da mai kwana a ciki yake saya da ƙarin kuɗinsa shi ne safiya da dare. Masu yawon wuni ɗaya sukan fara kwararowa da hantsi, su watse da yamma. Bayan sallar asuba za ka iya tsayawa a kan gadar Rialto, wadda aka kammala a 1591, ba mai ture ka, kana kallon jiragen dako suna sauke kifi da kayan miya a kasuwar da ke gefenta. Da tsakar rana kuwa, a wannan gadar, wurin sa ƙafa ma sai an yi haƙuri.

Zaɓi na biyu Mestre, a kan tudu, ƙetaren doguwar gadar. Gari ne irin na ko'ina, da motoci da manyan kantuna, ba abin ɗaukar hoto. Amma ɗakunan sun fi faɗi, kuɗin ya fi sauƙi, kuma jirgin ƙasa yana kai ka Santa Lucia cikin minti goma da 'yan kai, a kan ƙasa da Yuro 2. Ga Musulmi akwai ƙarin dalili. 'Yan Bangaladash da yawa suna zaune a Mestre da maƙwabciyarta Marghera, wasunsu suna aiki a masana'antar ƙera jiragen ruwa, don haka mahauta da gidajen abinci na halal ba sa wuyar samu a kewayen tasha. Masallacin da za ka samu Juma'a ma a wannan ɓangaren yake. A cikin tsohon garin babu masallaci, duk da cewa tun 1621 hukumar Venis ta ware wa fataken daular Usmaniyya ta Turkiyya wani katafaren gida a bakin babbar hanyar ruwan da ta ratsa tsakiyar garin, gidan da ake kira Fondaco dei Turchi, wanda yanzu gidan tarihin halittu ne.

A ganina, mai iyali da yara, ko wanda ya taho da dattijo, ko mai kwana huɗu zuwa sama, Mestre ta fi masa. Mutum ɗaya ko ma'aurata masu jaka ɗaya-ɗaya da kwana biyu, su daure su biya na ciki. Akwai kuma Lido, dogon tsibiri mai bakin teku da motoci, inda ake bikin fina-finai tun 1932. Yana da daɗi lokacin zafi, sai dai duk shiga gari da fita sai ka hau jirgi.

Wanda ya ce shi wuni ɗaya kawai zai yi, ya zo daga Milan da safe a jirgin ƙasa na awa biyu da rabi ya koma da yamma, ya san da kuɗin shiga. An fara karɓarsa ranar 25 ga Afrilun 2024, Yuro 5, a wasu zaɓaɓɓun ranaku na cunkoso, daga ƙarfe 8:30 na safe zuwa 4:00 na yamma. A 2025 aka ƙara yawan ranakun, aka kuma mai da shi Yuro 10 ga wanda ya makara wajen biya. Ta intanet ake biya a karɓi lamba a waya. Mai kwana a otal a cikin ƙaramar hukumar Venis, har da Mestre, ba ya biyan wannan. Harajin kwana ne otal zai ɗora masa. Yara 'yan ƙasa da shekara 14 ma ba sa biya.

Daga filin jirgin sama na Marco Polo hanya uku ce. Bas zuwa Piazzale Roma ko Mestre ita ce mafi arha, wajen Yuro 10, cikin ƙasa da rabin awa. Jirgin ruwan kamfanin Alilaguna ya fi tsada kuma ya fi jinkiri, yakan haura awa guda kafin San Marco, amma yana sauke ka a cikin gari ba tare da canjin abin hawa ba. Tasin ruwa kuwa ya haura Yuro 100. Ga mutum ɗaya almubazzaranci ne. Ga mutum shida da kaya, in otal ɗin yana da ƙofa a bakin ruwa, a raba kuɗin a gani, ba lallai ya zama asara ba.

Bas ɗin cikin gari shi ne vaporetto, jirgin ruwan haya na kamfanin ACTV, kuma a nan ne baƙi suka fi zubar da kuɗi a banza. A farashin 2024, tikiti ɗaya mai aiki na minti 75 Yuro 9.50 ne. Na awa 24 Yuro 25, na awa 48 Yuro 35, na awa 72 Yuro 45, na mako Yuro 65. Lissafin a fili yake: in za ka hau sau uku a rana guda, na wuni ya fi, in za ka hau sau biyar cikin kwana uku, na awa 72 ya biya kansa. To amma za ka hau ɗin? Venis ƙaramin gari ne. Daga tashar jirgin ƙasa zuwa dandalin San Marco tafiyar minti talatin zuwa arba'in ce a ƙafa, akwai alluna masu ruwan ɗorawa a jikin bango suna nuna Rialto da San Marco. Mai lafiyar ƙafa zai iya yin ranar farko bai hau komai ba, ya tara duk hawan ruwansa a rana ta biyu da tikitin awa 24: ya bi layi na 1 daga farko har ƙarshen babbar hanyar ruwa mai kusan kilomita 4, sannan ya wuce tsibiran Murano da Burano. Lokacin tikitin yana fara ƙirgawa ne daga sa'ar da ka fara taɓa shi a na'urar bakin tasha, kuma dole a taɓa kafin kowane hawa, in ba haka ba tara ce. Tikitin yana aiki a bas da taragon Mestre, amma ba ya aiki a Alilaguna. 'Yan ƙasa da shekara 30 su tambayi katin Rolling Venice, akwai rangwame.

Ɓata kuwa za ka yi, ko da taswira a waya. Lungunan sun yi kama da na cikin birnin Kano, sai dai a nan lungu kan ƙare ne a bakin ruwa. Lambobin gidaje ma ba na titi ba ne, na unguwa ne gaba ɗaya, suna kaiwa dubbai. Ka nemi otal ya turo maka kwatance daga tashar jirgin ruwa.

Sai gondola, baƙin kwale-kwalen nan mai tsawon kusan mita 11 da matuƙi ke tuƙawa a tsaye da filafili ɗaya. Hukuma ce ke yanka kuɗinta: tun ƙarshen 2023, Yuro 90 na rabin awa da rana, Yuro 110 bayan ƙarfe 7 na yamma. Kuɗin na jirgi ne, ba na kai ba, kuma tana ɗaukar mutum biyar. Iyali ko abokai biyar, kowa Yuro 18, ya yi daidai. In za ka hau, guji tashoshin gaban San Marco inda jiragen ke jerin gwano. Hau a wata unguwa mai shiru, ka kuma daidaita hanya da lokaci da matuƙin kafin ka sa ƙafa. Wanda burinsa kawai ya ɗanɗana, akwai traghetto, gondola babba da ke fito da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan a wasu wurare na babbar hanyar ruwa, Yuro 2, minti biyu ko uku. Ba kujerar alfarma, ba waƙa, amma ruwan ɗaya ne.

Maganar lokaci. Yuli da Agusta zafi ne mai gumi, ga sauro, ga jama'a. Afrilu zuwa Yuni da Satumba sun fi daɗin yanayi, kuɗin otal kuma yana sama. Janairu akwai sanyi da hazo da arha, har zuwa bikin rufe fuska da ake yi wajen Fabrairu, lokacin da farashi ke sake tashi. Daga Oktoba zuwa Janairu ne teku ya fi tumbatsa ya shigo gari. Mafi muni da aka auna shi ne na 4 ga Nuwamban 1966, santimita 194 sama da matakin teku da ake awo da shi, sai na 12 ga Nuwamban 2019, santimita 187. Tun Oktoban 2020 aka fara ɗaga ƙofofin MOSE guda 78 da ke toshe mashigai uku na teku, abin ya ragu sosai. Duk da haka dandalin San Marco, da yake ya fi ko'ina kwari, yakan jiƙe. Ruwan awa biyu ko uku yake yi ya janye, ana busa jiniya kafin ya zo, ana kuma jera katakai a bi ta kai. Ba dalilin fasa tafiya ba ne. Dalilin ƙin ɗakin ƙasa ne.

Abinci yana buƙatar tambaya. Kifi da kayan teku su ne girkin garin, wannan sauƙi ne, amma akan zuba giya a miya da shinkafa, kuma ƙananan abubuwan taɓawa da ake jerawa a kanti da yawansu akwai naman alade. Gidan abincin da ke da mai kiran ciniki a ƙofa da hotunan abinci a allo, wuce shi. Akwai kuɗin zama da ake ƙarawa a kan kowane mutum, a rubuce yake a takardar farashi, ba cuta ba ce. Kofi a tsaye a bakin kanti ya fi arha nesa ba kusa ba a kan na zaune. A Caffè Florian, wanda ke dandalin San Marco tun 1720, har kiɗan da ake yi sai ka biya. Ruwan famfunan kan hanya na sha ne, riƙe gorarka. Ban-ɗakin jama'a na kuɗi ne. Zama a kan matakalar gada ana cin abinci, shiga ruwa, ba tattabaru hatsi, duk suna jawo tara.

In bayan duk wannan ka ga matakala ta fi ƙarfin wanda za ka tafi da shi, Amstadam ta ƙasar Holan ma garin hanyoyin ruwa ce, amma tana da tarago da tasi, ga masallatai da abincin halal a wadace saboda 'yan Maroko da Turkawa. Bruges a Beljiyam ƙarama ce, awa guda daga Brussels a jirgin ƙasa, wuni ɗaya ya ishe ta. Bizar Schengen ɗaya ta isa duka ukun, kuɗinta Yuro 90 tun Yunin 2024.

Tsaraba ta ƙarshe ita ce gilashin Murano. Tun 1291 aka mayar da maƙeran gilashi wannan tsibiri don gudun gobara, kuma duwatsun wuya na Venis sun daɗe suna shiga kasuwannin Afirka ta Yamma ta hannun fatake. Yau yawancin abin da ke jibge a shagunan tsaraba masu arha ba a Murano aka yi shi ba. Wasu otal-otal kan yi tayin kai ka masana'anta a jirgi kyauta. Kallon aikin yana da kyau, amma daga nan ɗakin ciniki za a shigar da kai, farashin kuma ya haɗa da ladan wanda ya kawo ka. Da tikitinka na vaporetto ka je da kanka, ka zaga shaguna uku ko huɗu, ka nemi tambarin Vetro Artistico Murano a jikin kayan, ka kuma sa su naɗe maka shi yadda zai jure jifan masu lodin kaya a filin jirgi.