Hattara da mai tallar sandar fatsa ta jabu a Facebook

Assalamu alaikum jama'a. Masu zuwa fatsa Tiga da Challawa, da 'yan uwanmu na Yawuri da bakin Kainji, da ku nake. Akwai wani mutum da ke tallar sandunan fatsa a Facebook, yana jan mutane zuwa WhatsApp. Ya ci min naira 68,000, kuma ba ni kaɗai ba ne, domin mutum biyu sun riga sun nuna min abin da ya aiko musu, iri ɗaya sak da nawa.

Sanda nake nema ta jefa kifin roba mai yawo a saman ruwa. Masu wannan harka sun san iri biyun da muka fi amfani da su: mai kwarmin baki, wanda in ka fizge shi yake feso ruwa yana ƙara, da kuma dogon nan mai tafiya dama da hagu, irin Zara Spook da kamfanin Heddon na Amurka ya fito da shi tun 1939. Da sassafe ko daf da magariba, lokacin da ruwa ya kwanta, sai ka ga tsage ya faso sama ya kai cafka a gaban idonka. Wanda ya taɓa ganin haka sau ɗaya ba ya sake jin daɗin zaman jiran tana a ƙasan ruwa.

To amma wannan fatsa ba kowace sanda ke yin ta ba, kuma a nan ne mutumin yake samun mutane. Aikin duka a wuyan hannu yake. Kan sanda yana kallon ruwa, ka ɗan fizga, ka saki zare, ka sake fizga, haka ɗaruruwan lokuta kafin rana ta ɗaga. Shi ya sa ake son ta mara nauyi, tsawonta ƙafa 6 da rabi zuwa 7, wato wajen mita 2, don kada kanta ya riƙa dukan ruwa. Mariƙinta gajere, kada ya dinga kama maka hannun riga. Sannan ta lanƙwasa daga sama kawai, sauran jikin ya tsaya da ƙarfinsa. In ta cika tauri, ƙugiyoyin nan masu baki uku za su yage daga bakin kifi. In kuma ta yi laushi kamar bulala, kifin robar ba zai yi rawarsa ba, kuma bakin tsage ƙashi ne, ƙugiya ba za ta shige shi ba. Duk sandar kirki za ka ga an buga bayaninta a jiki, sama da mariƙi kaɗan: tsawonta, nauyin abin da take iya jefawa, da ƙarfin zaren da ya dace da ita.

Mutumin nan ya san duk wannan magana, ya haddace ta tsaf. Ya ce sandarsa ta kamfanin Shimano ce, gwanjon Japan, ta kabon (wato irin mara nauyin nan), mai rabuwa gida biyu, ƙafa 7, tana jefa giram 10 zuwa 30. Ya turo min bidiyo ya ce a Kainji wani kwastomansa ya ɗauka. Kifin da ke cikin bidiyon kore ne mai ƙaton baki, irin wanda ake kira bas a Amurka, ban taɓa ganin an fito da shi daga ruwanmu ba. Na lura da haka, zuciyata ta ɗan tsaya, amma son abin ya rinjaye ni.

Na ce ya aiko, in kaya sun iso in biya. Sai ya ce, “Haba Alhajina, wallahi guda uku suka rage, mutum biyar ke jira. Don na ga kai mai sanin kaya ne na riƙe maka.” Lambar asusun da ya turo sunan mace ne, ba sunan da ke shafinsa ba. Na tambaya, ya ce na maiɗakinsa ne, nasa ya sami matsala. Na tura 60,000 na sanda, da 8,000 da ya ce kuɗin mota ne.

Bayan kwana biyar direba ya kira ni daga tasha. Tun kafin in buɗe jikina ya yi sanyi, domin ƙunshin bai fi kamu biyu ba. Sanda mai ƙafa 7 da aka raba gida biyu, kowane ɓari dole ya haura mita ɗaya. Da na yage ledar sai ga irin sandar nan mai shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo. Nauyi gare ta, ba kabon ba ce. Sunan Shimano sitika ce aka manna, na sa farce ta ɗago. Babu tsawo, babu nauyi, babu ko lamba ɗaya a jikinta. Zobban da zare ke bi, waɗanda a sandar gaske ake sa musu tangaran mai santsi a ciki, nata roba ce aka shafa wa baƙin fenti.

Duk da haka na tafi da ita Tiga ranar Asabar, don kada in zalunci mutum da zato. Jifa na farko, gaɓa ta biyu ta juya, zobban suka karkace, zare ya cukurkuɗe. Na gyara na ci gaba. Duk yadda na kaɗa hannu, kifin robar jan ciki kawai yake yi a miƙe, domin sandar tun daga mariƙi take lanƙwashewa, fizgar ba ta isa gare shi. Kafin awa ɗaya zaren fatsata, irin kitsattsen nan, ya ci zoben ƙarshe ya yi masa rami, ramin kuma ya tsinke zaren, kifin robata na naira 9,000 ya tafi. Wani dattijo masunci da ke gyaran kallinsa a gefe ya karɓe ta, ya ɗan gwada ta a hannu, ya ce, “Ɗana, nawa ka ba su?” Na faɗa masa. Ya yi shiru, ya miƙo min, ya ce, “Allah ya mayar maka da alheri.”

Da na kira mai kayan, ya ce yaransa ne suka yi kuskuren ɗauri, in turo 8,000 a kawo ta gaskiyar a karɓi wannan. Na ƙi. A daren ya toshe lambata. Ɗaya daga cikin mutum biyun da na ambata ya tura wannan kuɗi na biyu, har yau shiru.

Don Allah, duk mai niyyar sayen sanda daga wanda bai taɓa gani ba, ya sa shi ya kira ta bidiyo kai tsaye, ya haɗa sandar a gabansa, ya haska rubutun da ke sama da mariƙi, ya dafa kanta a ƙasa a ga inda take lanƙwasawa. Mai kaya a hannu ba zai ƙi wannan ba. In sunan asusu ya saɓa da na mai talla, a dakata. In kayan sun zo, a buɗe a tasha gaban direba, a zura auduga cikin kowane zobe, in ta maƙale akwai tsaga a ciki. Ni na kai ƙorafi bankina da shaidar tura kuɗi da hotunan hirarmu, na kuma shigar da rahoto wurin 'yan sanda. Wanda abin ya shafa ya yi haka da wuri, kada kunya ta hana shi.

Jiya wani aboki ya turo min sabon shafi, an canja suna, an canja lambar waya. Bidiyon koren kifin nan ne dai a sama, yanzu an rubuta wai a Shiroro aka kama shi, kuma farashin ya koma 55,000.