Aletsch ko Perito Moreno: Wanne Za Ka Je?

Alhaji, ka ce Allah ya hore maka hutu da ɗan abin tafiya, kana so ka ga kogin ƙanƙara ido da ido, amma ka rasa zaɓi tsakanin Aletsch na Siwizalan da Perito Moreno na Ajantina. Amsata a gajarce ita ce, idan kallo kake nema, Perito Moreno. Idan kuma sauƙin zuwa ne a gabanka, Aletsch.

Asalinsu ɗaya, dusar ƙanƙara ce da ta taru shekaru aru-aru, ta danne kanta har ta zama ƙanƙara mai tauri, nauyinta kuma ya sa take gangarowa a hankali. Inda suka rabu shi ne yadda kake haɗuwa da su.

Aletsch daga sama ake kallonsa. Shi ne mafi girma a tsaunukan Alps, tsawonsa kusan kilomita 20, kuma a wurin da ake kira Konkordiaplatz kaurin ƙanƙarar ya kai wajen mita 800. Yawancin baƙi jirgin ƙasa suke hawa zuwa Jungfraujoch, tashar da aka buɗe a 1912 a tudun mita 3,454, wadda ta fi kowace tasha tudu a Turai. Tikitin yana da tsada, ga cunkoso, kuma iskar can sama ba ta da kauri, mai hawan jini ko ciwon zuciya sai ya ji ta bakin likita tukuna. Ni dai da za ka ji shawarata, ka bi ta ƙauyen Fiesch a yankin Valais, ka shiga motar da ke tafiya kan igiyar ƙarfe zuwa Eggishorn. Daga nan ne ake ganin kogin gaba ɗaya ya lanƙwasa tsakanin duwatsu, da baƙaƙen layukan tsakuwa guda biyu a gadon bayansa. Yana da kwarjini, amma shiru yake, ba za ka ga ya motsa ba.

Perito Moreno kuwa gaba da gaba za ku yi. Bakinsa ya shigo cikin tafkin Argentino, faɗinsa kusan kilomita 5, tsayinsa a kan ruwa wajen mita 60 zuwa 70, kamar bene mai hawa ashirin. An shimfiɗa gadojin tafiya a tudun da ke fuskantarsa, tsoho da yaro duk suna iya zagayawa. Kana tsaye sai ka ji ƙara ta tashi daga cikin ƙanƙarar, kafin ka waiga wani ɓangare ya ɓalle ya rikito cikin ruwa, igiyar ruwa ta bazu, gutsattsarin shuɗi suna yawo. A baya, wani lokaci ma yakan tokare tafkin ya datse reshensa na Brazo Rico, ruwa ya yi ta taruwa har ya huda ƙanƙarar ya rushe ta, kamar yadda aka gani a 2004 da 2016. Wurin ba tudu ba ne, babu zancen ƙarancin iska.

Matsalarsa nisa. Sai ka isa Buenos Aires, ka sake hawa jirgi na kusan awa 3 zuwa El Calafate, sannan mota kilomita 80. Lokacin zuwa daga Nuwamba zuwa Maris ne, domin can bazararsu ke nan. Aletsch kuwa Yuni zuwa Satumba, kuma bizar Schengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ta wadatar, idan kana da ita rabin wahala ta ƙare.

Dukansu UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya, na Ajantina a 1981, na Siwizalan a 2001, kuma dukansu suna ja da baya. Aletsch ya janye fiye da kilomita 3 tun ƙarni na 19. Mutanen Fiesch da suka ɗauki alwashi a 1678 na yin addu'a kada ƙanƙarar ta cinye musu gonaki, a 2009 sai da suka nemi izinin Paparoma Benedict XVI su juya addu'ar, yanzu roƙo suke kada ta ƙare. Perito Moreno da aka daɗe ana yabonsa da cewa ya ƙi raguwa, shi ma daga wajen 2020 ya fara janyewa.

Tunda ka ce da Hajiya da yara za ku tafi, ku je Aletsch ta Eggishorn a wannan karon, ku riƙe rigunan sanyi da baƙin tabarau ko da rana ta fito. Ajantina ka bar ta sai lokacin da kake da mako biyu cur a hannu.