Kwana uku a bakin Misisipi cikin motar tafi-da-gidanka

Tunda na dawo Tudun Wada 'yan'uwa ke tambayata hoton nan da na sa a WhatsApp, wai wane irin gida ne mai taya. Mota ce, su can Amurka suna ce mata RV. Akwai gado a ciki, da firji, da murhun gas, da ɗan ban-ɗakin da mai jiki irina sai ta shiga a karkace.

Wankan jegon 'yata ne ya kai ni jihar Minisota. Da muka yi arba'in a watan Yuli, surukina ya yi hayar motar, ya ce, "Mama, sai kin ga kogi kafin ki koma Zariya." Muka sauka a wani fili a bakin kogin Misisipi wanda hukumar wani ƙaramin gari ke kula da shi. Tun daga gida ya kama mana wuri ta intanet, dala 30 duk dare, kuɗin da ko rabin ɗakin otel ba zai biya ba a can.

Kowace mota da gurbinta mai lamba, da tebur na katako, da wurin hura wuta, da wani ɗan turke mai soket da famfo. Wutar iri biyu ce, mai ƙarfin amfiya 30 da mai amfiya 50, tamu ta 30 ce. Sai da muka kunna na'urar sanyaya ɗaki da butar lantarki lokaci guda muka gane ma'anar lambar, don nan take komai ya ɗauke. Na ce to, ashe har nan ana ɗauke wuta. Surukina ya fita ya ɗaga wani maɓalli, ta dawo.

Kogin kam ya biya ni. Ni da na saba da Galma, wanda da rani yara ke tsallake wasu wuraren da ƙafa, sai ga ruwan da jiragen dakon masara da waken suya ke bi, guda 15 a ɗaure wuri ɗaya, ƙaramin jirgi na tura su ta baya. Tafiyarsu a hankali kamar ta amarya. Da hantsi nakan shimfiɗa darduma a ciyawa, jikana a cinyata, in yi ta kallo har shayina ya huce. Ba janareto, ba kiɗa, ƙarfe goma na dare kowa ya yi tsit saboda doka ce. Magariba kuwa sai wajen tara, ga asuba tun kafin huɗu, barcin tsakani kaɗan ne.

Kuma ɗan barcin ma jirgin ƙasa ya raba mu da shi. Layin dogo na bayan filin, ba wanda ya faɗa mana. Mutanen Sabon Gari da suka tashi kusa da tasha ƙila ba zai dame su ba, amma ni duk hon ɗin da ya danna sai na zabura, jariri ya tsala kuka. Mai zuwa ya zaɓi gurbin da ke can bakin ruwa, ko da sauro ya fi yawa a nan.

Ban-ɗakin jama'a tsaf yake, ana wankewa kullum da safe, sai dai ruwan wankan sai kin riƙa danna maɓalli, kina cikin kumfa ya yanke. Buta kuwa ki zo da taki. Allah ya taimake ni na saka tawa a jaka, 'yata tana min dariya.

Ranar Lahadi da za mu tafi akwai aikin da ban so na gani ba. Ƙazantar ban-ɗakin motar a tanki take taruwa, sai an ja layi a juye ta da tiyo a wani rami guda ɗaya tal da duk filin ke amfani da shi. Mun yi kusan awa guda. Surukina, injiniya guda, ya sa safar hannu ya durƙusa yana fama, ni kuwa na juya fuskata wajen kogi don kada ya ji kunya.