Na gwada ƙaro a kwaɓin kankare

Duk wanda ya taɓa zuba dakin, wato rufin kankare, a watan Afrilu ya san matsalar. Kafin leburori su hau da kwanon ƙarshe, kwaɓin farko ya fara ɗaurewa, sai ka ji birkila yana cewa, "Oga, a ƙara ruwa." Ruwan nan kuwa shi ke karya lagon kankare. Abin da ya kai ni ga ƙaro ke nan.

Ƙaron bishiyar dakwara na saya, irin wanda ake kawowa daga Yobe da Jigawa. Aka daka shi, aka jiƙa tun dare, da safe muka tace da ƙyalle, don ba ya rasa ɓawon itace da ƙasa. Giram 200 muka sa wa kowane buhun siminti mai kilo 50, a cikin ruwan kwaɓi, ba a kan busasshen siminti ba.

Bambancin a bakin shebur ake fara ganinsa. Kwaɓin ya yi santsi, yana bin tsakanin rodi ba gardama, tsakuwa ba ta warewa gefe guda. Rana ta take, amma mai shafe sama ya gama aikinsa a natse, babu wanda ya sake neman ruwa. Yaran da suka yi ta dariya wai na kawo kayan tawadar allo wurin gini, su suka fara yabawa. Ni ban ga abin dariya ba. Da makuba iyayenmu suke daɓe da yaɓe, ita ma daga bishiya take, wato kwasfar ɗorawa.

Aibinsa shi ne jinkiri. Washegari da safe farce yana iya karce saman, don haka ba a gaggawar cire katako, kuma ban ruwa sai an dage. Idan aka zarce ma'auni, jinkirin ya ƙaru, ƙarfi ya ragu. Sikeli ake sawa, ban da awon gwangwani. Ga shi ba kowane ƙaro ne iri ɗaya ba: wani mai shago ya haɗa mini da na wata bishiya, launinsa ya fi duhu, dole na tsince shi.

Masu zaton zai rage musu buhunan siminti su cire rai, lokaci kawai yake ba ka. Zan sake amfani da shi a daɓen ƙasa da ƙananan ayyukan bazara. Ginshiƙi da dakin na bene kuwa, sai injiniya ya amince, an kuma gwada ƙarfin samfurin bayan kwana 28.